Tafinta a Dutsen Gishiri

Da sunan Allah mai shimfiɗa ƙasa, mai rarraba harsuna, masanin abin da baki ya furta da abin da zuciya ta ɓoye. Ya ku masu sauraro, ku gyara zama. Ni ne Tadawus ɗan Kiryakus, haifaffen Ruzban, birnin da ke bakin Tekun Toka a ƙasar Ashkalmar mai nisa. Zan ba ku labarin tafiyar da na yi ina neman littafi guda, da abin da tafiyar ta jawo wa mutanen da ba su gayyace ni ba.

A zamanin nan mutanen Ashkalmar duk Nasara ne, amma sun rabu gida biyu. Mazauna bakin teku, waɗanda ake kira Mutanen Sarki, suna cewa Almasihu ɗabi'a biyu gare shi, ta Allahntaka da ta ɗan Adam. Mazauna duwatsu, waɗanda ake kira Masu Ɗaya, suna cewa ɗabi'arsa ɗaya ce tak. A kan wannan kalma an ƙone garuruwa, an kashe aure, an tone kaburbura. Ba sa cin yankan juna, ba sa ɗiban ruwa a rijiya ɗaya.

Mahaifina tafinta ne a gidan babban limamin Mutanen Sarki. Da bulala ya koya mini harsuna uku: na bakin teku, na dutse, da na fataken da ke zuwa daga hamadar kudu. Mahaifiyata Tabita kuwa mace ce marar surutu. Ba ta taɓa cin naman alade ba, kuma na sha ganinta tana wanke hannu da ƙafa kafin ta yi addu'a ita kaɗai a bayan ɗaki. Ina da shekara ashirin da takwas ciwo ya kwantar da ita. Wata safiya da mahaifina ya fita ta kira ni.

Ta ce, "Tadawus, ni ba 'yar nan ba ce. Mutanena su ne Miskinai."

Na san sunan, amma a matsayin zagi na san shi.

Ta ce, "Mu muna cewa Almasihu bawan Allah ne kuma manzonsa, ba mu ƙara masa komai a kai ba. Muna da Linjila da harshen da shi kansa ya yi magana da shi. Tana hannun yayana Hananiya a Dutsen Gishiri. Ban ce ka je ba. Ba za su so ganinka ba."

Kwana uku bayan haka ta rasu. Tun daga ranar maganar littafin ta hana ni sakat. Na ce a raina, in har akwai Linjila da harshen asali, to a cikinta ne za a san wanda ke da gaskiya cikin masu yanka junan nan. Mahaifina ya same ni ina ɗaure kaya.

Ya ce, "In ka fita ƙofar nan, ni da kaina zan kai sunanka gaban babban limami."

Na ce, "Baba, me ka sani game da su?"

Amsar da ya ba ni mari ce. Na ɗauki gorar ruwa da sanda na fita.

Kwana tara ina tafiya gabas kafin na isa Kwarin Ginshiƙai. Hanya guda ce ta ratsa kwarin, kuma a kowane gefenta akwai ginshiƙin dutse mai tsawon giginya uku. A kan kowane ginshiƙi akwai wani tsoho mai gudun duniya, ana ɗaura gurasa a igiya ana aika masa sama. Na dama na Mutanen Sarki ne, na hagu na Masu Ɗaya. Shekara ashirin da shida suna tsine wa juna daga sama, kuma babu mai jin harshen ɗan'uwansa. A ƙasa mabiyansu sun kafa bukkoki, kowa da tulin duwatsun jifa a ƙofarsa. Duk matafiyin da ya zo sai an tambaye shi, Almasihu ɗaya ne ko biyu? Kowace amsa ya bayar, ɓangare guda zai jefe shi. Na ga ƙasusuwa a gefen hanya, wasu da sauran tsumma a jikinsu.

Da suka tare ni, na gaida na dama da harshensu, na juya na gaida na hagu da nasu. Wani ƙato mai gatari ya ce, "Wannan yana jin duka biyu. Ku kai shi tsakiya ya gaya wa wancan ɓatacce abin da ubanmu ke faɗa masa."

Suka tsayar da ni tsakanin ginshiƙan. Tsohon dama ya leƙo ya zazzago tsinuwar da in na fassara ta, kafin azahar kwarin ya cika da gawa, tawa a kan gaba. Na hagu ma ya zubo tasa. Sai na ɗaga murya na ce wa na dama, "Ranka ya daɗe, ya ce surutu ba hujja ba ne. Ya ce shi da mutanensa za su kame baki kwana uku, kuma duk ɓangaren da ya fara magana, shi ne a kan ɓata." Na juya na faɗa wa na hagu daidai wannan, na ce daga na dama ta fito.

Kowane tsoho ya miƙe ya dafe bakinsa. Mabiyan ma suka yi haka. Na ɗauki sandata na ratsa tsakaninsu a hankali. Ƙaton nan ya bi ni da ido, ya gane wani abu bai yi daidai ba, ya buɗe baki, sai na kusa da shi ya danna masa tafin hannu a baki. Haka na fita kwarin, mutum ɗari uku suna hararata babu mai iya cewa a kama ni.

Daga nan na hau duwatsu har Damkur, babban birnin Masu Ɗaya. Ƙofa ɗaya gare shi, ƙararrawa ɗaya, kuma ba a yarda a gina gida mai taga biyu ba. Masu gadi suka ji karin bakin teku a maganata, suka ɗaure ni suka kai ni gaban shugaban majami'arsu, Uba Sarjis. Siririn mutum ne mai sanyin murya, ba ya kallon wanda yake magana da shi.

Ya ce, "Ɗan leƙen asirin sarki ne kai?"

Na ce, "Matafiyi ne ni, Uba."

Ya ce, "Ka iya karatu?"

Na ce na iya. Ya ce to a kai ni gidan kankara.

Gidan kankara wani dogon zaure ne a bayan majema. Duk littafin da aka ƙwace daga wata ɗariƙa, nan ake kawo shi, fursunoni su jiƙa fatar da aka rubuta shi a kai da ruwan toka da farar ƙasa mai ƙuna, su kankare rubutun da wuƙa, a sake rubuta na Masu Ɗaya a kai. Wata huɗu na yi ina kashe littattafai da hannuna. Kafin na kankare shafi sai na karanta shi da sauri, in mai gadi ya juya baya. A wata na huɗu na ci karo da wasiƙar wani ɗan kasuwa da ke bayanin hanyar Dutsen Gishiri: a bi busasshen kogi kudu har inda ƙasa ta koma fara, a sa tagwayen duwatsu a hagu, a yi kwana goma sha ɗaya. Na maimaita har ta zauna, sannan na kankare. Da na ɗaga kai sai na ga Uba Sarjis tsaye a bakin ƙofa. Ya juya ya wuce.

Mutanen Damkur suna tsoron kuturta fiye da mutuwa. Na ɗebi farar ƙasar nan mai ƙuna na shafa a fuska da wuya da hannuwa, na daure zafinta kwana biyu har fatata ta yi fari ta tsattsage. Da mai gadi ya gan ni da safe ya ja da baya yana toshe hanci. Kafin rana ta take suka tura ni waje da dogayen sanduna, suka jefo mini gorata. Tabon yana nan a fuskata har yau. Ina tafe ina yaba wa kaina wayo, ban tambayi kaina me ya sa fitar ta zo da sauƙi haka ba.

Na bi busasshen kogi har ƙasa ta koma fara. Babu ciyawa, babu tsuntsu, sai ƙyalli mai kashe ido. Ranar goma sha ɗaya na ga dutsen, fari fat kamar an tara auduga har sama. Miskinai sun sassaƙa ɗakuna a cikinsa, kuma hasken rana yana ratsa bangon gishirin ya shiga ciki ja-ja, har mutum ya ga inuwar wanda ke ɗaki na gaba. Su sittin da uku ne suka rage a duniya.

Mata biyu masu ɗiban ruwa suka fara ganina. Suka kira maza, aka kai ni gaban wani tsoho dogo, ƙafafunsa sun kumbura, idanunsa irin na mahaifiyata.

Na durƙusa na ce, "Kawu, ni ne ɗan Tabita."

Ya ce, "Kada ka kira ni da wannan suna. Wane ne ubanka?"

Na faɗa. Wata tsohuwa da ke gefensa, matarsa ce mai suna Shamuna, ta tofar da yawu.

Hananiya ya ce, "Shekara talatin da suka wuce muna zaune a Wadin Zaitun, mu ɗari huɗu. Wani saurayi ya zo ya ce yana son ya koyi addininmu. Muka ba shi abinci, muka ba shi shimfiɗa. Ya koma ya jawo sojojin sarki. Shi ya tsaya yana fassara musu kukan mutanenmu. Cikin abin da ya kwasa har da ƙanwata. Sunansa Kiryakus. Kai kuma me ka zo ɗauka?"

Na ce, "Ta rasu. Littafin kawai nake so in karanta."

Ya ce, "Ba za ka gan shi ba."

Ba su kore ni ba, domin sun ji tsoron in koma in faɗi inda suke. Suka ba ni tulu, na riƙa ɗebo musu ruwa daga wani marmaro mai nisa. Ba mai amsa gaisuwata. In sun tashi addu'a sai su sa mutum ya tsare ni a waje. Ta cikin bangon gishiri nake ganin inuwarsu suna wanke gaɓoɓi, suna tsayawa, suna sunkuyawa, kamar yadda mahaifiyata ke yi a bayan ɗaki.

Ranar ashirin, da hantsi, ina dawowa da tulu na hangi ƙura. Mahaya tamanin ne daga Damkur. Uba Sarjis ya ga shafin da nake karantawa, ya bar ni na fita, ya sa aka bi sawuna a kan gishiri. Ba a yi wani faɗa ba, domin Miskinai ba su da ko takobi ɗaya. Aka ɗaure mu da igiya guda, wuya da wuya. Suka birkice ɗakunan suna neman littafi, ba su samu ba. Da aka zo ɗaura ni kusa da Shamuna, ta ce da mai igiyar, "Ka matsar da shi. Ɗan ubansa ne."

Mutum biyar suka mutu a hanya. An ce mana a dandalin Damkur za a ƙone sauran.

Amma da muka iso, Damkur ba yadda na bar ta take ba. Tantuna baƙaƙe sun cika filin da ke gaban ƙofa, ga raƙuma, ga dawaki ramammu masu sauri. Mutanen hamadar kudu ne. Na san harshensu, amma ban san su da wannan hali ba: an ce wani Manzo ya bayyana a ƙasarsu, sun bar gumaka, suna kiran kansu Musulmi. Sun karya rundunar sarki a bakin kogi, kuma Uba Sarjis, don murnar faɗuwar Mutanen Sarki, ya buɗe musu ƙofa da hannunsa.

Shugabansu, Nahshalu ɗan Mazinu, yana zaune a kan buzu a inuwar tanti. Gajere ne, gemunsa ya fara furfura, fuskarsa ba ta nuna komai. Uba Sarjis na tsaye a gabansa, kuma abin mamaki, a gefensa akwai wani limamin Mutanen Sarki da ya gudo daga yaƙin. Aka nemi tafinta, wani mai gadi ya nuna ni. Aka kwance ni aka tura ni tsakiya.

Uba Sarjis ya ce, "Gaya masa waɗannan matsafa ne, suna zuba guba a rijiyoyi. Mun kawo su ne kyauta, ya ba mu izni mu ƙone su."

Limamin sarki ya ce, "A wannan kam ni ma shaida ne."

Ban taɓa jin ɗariƙun nan biyu sun yarda da juna a kan komai ba sai ranar. Na dubi igiyar, na dubi kawuna da ƙafafunsa ke zubar da ruwa. Na juya ga Nahshalu na ce da harshen hamada, "Ranka ya daɗe, ya ce waɗannan talakawa ne da ke ƙarƙashin kulawarsa, yana roƙon ka ba su aminci."

Nahshalu ya daɗe yana kallona. Sannan ya buɗe baki ya yi magana da harshen dutse, tsaf, ba gargada.

Ya ce, "Shekara goma na yi ina kawo fatu kasuwar garin nan. Na nemi tafinta ne don in san ko akwai mai gaskiya a cikinku. Limamanku sun yi ƙarya, kai ma ka yi."

Na ce, "Rayuka nake so in ceta."

Ya ce, "Da ka faɗi abin da ya ce, sannan ka faɗi naka. Yau ka juya magana don tausayi, gobe wani zai juya ta don ƙiyayya, ni kuma in yanke hukunci a makance." Ya sa aka yi mini bulala goma a gaban kowa. Ba wanda ya ji tausayina, har waɗanda na yi domin su.

Sannan ya sa aka kawo Hananiya. Ya ce, "Dattijo, me kuke cewa game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi?"

Kawuna ya miƙe iyakar ƙarfinsa. Ya ce, "Bawan Allah ne, manzonsa ne, ɗan Maryamu mai tsarki. Allah ɗaya ne, ba shi da abokin tarayya."

Sojojin da suka ji harshen suka fassara wa sauran, sai guna-guni ya tashi. Nahshalu ya gyara zama, a karo na farko fuskarsa ta motsa. Ya ce, "Abin da muke faɗa ke nan. Me ya rage tsakaninmu? Ku shaida da Manzonmu, ku zama 'yan'uwanmu."

Hananiya ya ce, "Kakannina sun riƙe wannan magana shekaru ɗaruruwa ana ƙone su a kanta. Ku jiya kuka ji ta. Mutumin da kake faɗa ban san shi ba, kuma ba zan yi shaida a kan abin da ban sani ba don ina tsoron wuta."

Wani soja ya dafa takobinsa. Nahshalu ya ɗaga masa hannu. Sannan ya ce, "Tsoho ne mai taurin kai, amma shi kaɗai ya gaya mini gaskiya yau. Ba a tilasta wa mutum a wannan al'amari. Ku yanke igiyar." Ya juya ga limaman biyu ya ce, "Kowa ya riƙe majami'arsa. Wanda ya taɓa ta wani, ko ya kunna wa wani wuta, da ni zai gamu." Uba Sarjis ya sunkuyar da kai, amma kallon da ya yi mini ya ishe ni sanin ba ni da sauran zama a Damkur.

Da la'asar ta yi wani ya hau tudu ya yi kira, Musulmi suka wanke hannu da fuska da ƙafa, suka jeru. Miskinai suna zaune a ƙasa suna kallo. Wani magidanci a cikinsu ya tashi ya tafi wurin ruwan. Matarsa ta bi shi. Sannan wani, sannan wasu. Cikin kwana uku mutum arba'in da ɗaya suka shiga cikinsu, har da 'ya'yan Hananiya biyu. Sun ce sun gaji da ɓuya, kuma ba su ji sun bar komai ba. Babban ɗan ya zo ya durƙusa gaban ubansa yana roƙonsa ya zauna. Tsohon ya juya masa ƙeya.

Ya ce da ni, "Ubanka ya cinye mu da takobi. Kai ka ƙarasa mu da sawunka."

Mu goma sha takwas, har da ni, muka juya zuwa Dutsen Gishiri, yawanci tsofaffi mata. Hananiya ba ya iya taka ƙasa. Nahshalu ya aiko da raƙumi, tsohon ya ƙi hawa. Babu namiji mai ƙarfi sai ni. Na durƙusa a gabansa, bayana duk miki. Ya daɗe yana kallon bayan nan kafin ya hau.

A rana ta biyu na ce, "Kawu, ina littafin? Mahayan ba su same shi ba."

Ya ce, "Ya ƙone a Wadin Zaitun. Ubanka ne ya nuna musu akwatin."

Na kusa faɗuwa da shi. Muka yi tafiya mai tsawo. Can sai na ji ya fara karatu a hankali daidai kunnena, da wani tsohon harshe mai kama da na dutse. Ashe ya haddace shi tun yana yaro, kuma shi kaɗai ya rage da haddar.

Na ce, "Koya mini kake yi?"

Ya ce, "Addu'ata nake yi. Gyara tafiyarka, kana jijjiga ni."

Amma kowace aya sau uku yake maimaita ta, kuma in na motsa leɓe na yi kuskure sai ya ƙwanƙwashe ni a ka. Haka muka yi kwana tara. Ban sami amsar da na fito nema ba, domin babu maganar ɗabi'a ɗaya ko biyu a ciki ko kaɗan. Labarin mutum ne mai yawo a ƙauyuka yana warkar da marasa lafiya yana faɗa wa masu dukiya abin da ba sa so su ji. A rana ta goma sha ɗaya, muna hango farin dutsen, muryar ta tsaya a tsakiyar aya. Na ci gaba da tafiya da shi har inuwa, sannan na sauke shi.

Matan suka wanke shi suka sa shi a wani rami na gishiri. Ba su bar ni na matso ba. Da suka gama, na ɗauki sandata zan kama hanya. Shamuna ta fito ta tsaya a gabana.

Ta ce, "Ina ya tsaya?"

Na ce, "Inda Almasihu ya shiga jirgi ya bar taron a bakin ruwa, Inna."

Ta rufe ido. Ta ce, "Ko rabi bai kai ba. Sauran ya tafi da shi."

Sauran matan sun fito sun tsaya a bayanta, ba wadda ta sakar mini fuska.

Ta ce, "Ba mu yafe maka ba, kuma ba za mu yafe wa ubanka ba. Ajiye sandar. Wanke hannunka da ƙafarka, ka shigo ciki ka fara daga farko."

Na ajiye sandar. Nan labarina ya tsaya, kuma Allah shi ne mafi sanin abin da ya ɓace da abin da ya saura.